Gaisuwar da Abba Ya Kwaso

Faɗan Kaosarat da mijinta Modu ɗaya ne, kullum shi ake maimaitawa. Ranar da ya je neman aurenta a Sabon Gari, durƙusawa ya yi gaban mahaifinta Alhaji Raji, yadda aka rene shi. Tsohon kuwa Bayarabe ne, a wurinsu namiji ƙirji yake sawa a ƙasa ya gaida suruki. Aka raɗa wa Modu ya kwanta, ya ƙi. An ɗaura auren, amma tun daga ranar Alhaji ko wayarta ba ya ɗauka. Bai zo sunan jikansa ba, alhali sunansa yaron ya ci, suna kiransa Abba.

Yau ma sun taɓa, Modu ya fice shagonsa na atamfa a Kantin Kwari ko shayi bai sha ba.

Abba ne ya tsayar mata da hawaye. Yaron da jiya-jiya "Mama" kaɗai ya iya, yanzu duk abin da ya gani sai ya kwashe. Ya kara cokali a kunne yana "Alo, kaya sun iso?" Ya saɓa ɗankwalinta a kafaɗa yana kiran "Ajiya, zo ki ga atamfa!" Ta bi shi da ido kamar ba ita ta haife shi ba. Ikon Allah... ina ɗan kan nan yake adana wannan duka?

Can sai ya yar da ɗankwalin, ya je gaban kujerar da babu kowa a kai. Ya dafa ƙasa, ya miƙe rub da ciki, ya ɗago kai.

"Baba, a yi haƙuyi," ya ce da 'yar murya mai kauri.

Ita ba ta koya masa ba, mata durƙuso suke yi. Mutum ɗaya ne ke zama da Abba a falo in tana girki.

Da Modu ya dawo, Abba ya sake yi a gabansu. Modu ya rufe fuska da hula. Da ƙyar ya faɗa mata ya jima yana gwadawa, har layin su Alhaji ya sha zuwa ya juyo.

"Tsoro nake ji, abar ƙaunata... in na kwanta ya ƙi cewa in tashi fa?"

"Sai ɗalibinka ya raka ka," ta ce, tana dariya tana kuka.

Ranar Juma'a suka tarar da Alhaji a ƙofar gida yana jan carbi. Ya gan su, ya kau da kai. Modu ya tsaya yana murza hula, sai Abba ya zame daga hannunta, ya baje a ƙasa ya faɗi haddarsa. Modu ya miƙe kusa da shi, da farar shaddarsa da komai.

Carbin ya tsaya. Tsohon ya sunkuya ya ɗauki yaron, ya daɗe yana kallon fuskarsa.

"Tashi, ɗana," ya ce wa Modu. "Wannan ya riga ka."

Abba ya fizgi carbin ya kara a kunne. "Alo?"

Alhaji ya dubi 'yarsa, idonsa ya ciko.

"Alo, Kaosarat," ya ce. "Ina jin ki."