Adireshin da Ya Ɓace a Ofishin Citta

Ƙarfe goma na safiyar Litinin Madam Paulina, manajar ƙungiyar manoman citta ta Kafanchan, ta faɗo caji ofis ɗankwali a hannu.

"An sace mana takardu kaf, Insifekta! Takardar gwajin cittarmu tana ciki. In ba mu buga ta kafin ƙarfe huɗu ba, tirela ba za ta tashi ba, jirgin ruwa ya tafi ya bar manoma sittin da kayansu."

Insifekta Ubaidullahi ya bi ta. Ofishin yana bayan tashar jirgin ƙasa, inda mahaifinsa ya yi shekara talatin yana ɗaga tuta. Ciyawa ta cinye layin dogo yanzu, abin ya sosa masa rai.

Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa durowa ba. Takardun ma ashe a ma'ajiyar intanet suke. Kowace kwamfuta aka buɗe, magana ɗaya take yi: ba a sami adireshin ba.

"Kai ne mai kula da na'urorin?" ya tambayi wani ma'aikaci mai suna Kumai, wanda gumi ya jiƙa wa riga.

"Ni ne, Oga. Amma ban taɓa komai ba."

"Gwada da datar wayarka."

Kumai ya gwada. Sai ga takardu reras! Paulina ta dafe ƙirji, aka tura takardar shagon bugu na maƙwabta.

"To ba sata ba ce," in ji Insifekta. "Me ya hana na ofis?"

"Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani," in ji Kumai. "Akwai inda take zuwa ta faɗi suna a ba ta lamba." Ya duba na'urar raba intanet, ya yi turus. "Oga, an canza wurin tambayar. Yau, bakwai da minti goma."

"Wa ya san kalmar sirri?"

"Ni. Sai littafin Mama Tamar."

Mama Tamar, tsohuwar akawun ofis, tana zaune da tabarau a kan hanci.

"Ni da kwamfuta, ɗana? Sai takwas na zo."

Muryar ce ta tsayar da shi. Ya san ta. Sai ya fita wurin mai shayin bakin ƙofa.

"Mama? Tun bakwai na ji tana waƙar coci a ciki," in ji mai shayi.

Insifekta ya dawo ya ja kujera kusa da ita.

"Mama, ina yaro nakan ɗaga waya in ce a ba ni Baba a tasha. Ke ce kike haɗa mu a ofishin waya. A ce miki suna, ki nemo lamba. Duk ofishin nan babu wanda ya fi ki gane abin da aka taɓa."

Ta cire tabarau a hankali.

"Ɗan Malam mai tuta ne ashe. Ka girma." Ta ajiye tabaraun a kan tebur. "Ni ce. Kumai ya nuna mini yadda ake canza lambobin makon jiya, na rubuta. Madam ta ce tunda komai yana intanet, za a kwashe tsofaffin rajista daga sito. Mijina Silvanus ne ya rubuta sunan kowane manomi da hannunsa. Na ce in abin ya tsaya kwana ɗaya, za su buɗe sito su ga amfaninsu. Ban san yau tirela za ta tashi ba, Allah shaida."

Kai, tausayi ya kama Insifekta ƙwarai. Ya juya wurin Paulina.

"Da abin ya tsaya, me ya sa ba ki buɗe siton ba?"

Paulina ta sunkuyar da kai.

"Babu komai a ciki. Tun ran Asabar na raba wa masu ƙosai rajistar su yi ƙunshi."

Mama Tamar ba ta yi kuka ba. Ta miƙa wa Kumai takardar da ta rubuta ainihin lambobin, ta ɗauki jakarta. Insifekta bai sa mata ankwa ba, ya buɗe mata gaban mota.

"Ɗana," ta ce, "bi da ni ta wurin masu ƙosai tukuna. Ko shafi ɗaya ne in samu."