Rigunan Sanyi Biyu

"Zinariya, kalle ni ki faɗa min... Da gaske ne?"

Ba ta ɗago ba. Tana tsaye a ƙofar gidansu a unguwar Nuzla ta Jidda, tana murza bakin mayafinta.

"Lado, don Allah ka yi haƙuri..."

Shekara biyu ina wankin mota a gidan wani Bature, injiniyan waya mutumin Suwidin, ita kuma tana renon 'yarsa. A nan muka saba, a nan muka yi alkawarin aure.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma abin da na ji ba ya fita kaina. Baturen yakan shimfiɗa taswirar garinsu, Stockholm, a kan mota, yana nuna min da guntun Larabcinsa. Tsibiri goma sha huɗu, gadoji sun haɗe su. Ga inda ruwan tafki ke gamuwa da na teku. Ga tsohon gari, inda jirage suka fara lodin ƙarfe sama da shekara ɗari bakwai da suka wuce. Ya ce da sanyi tun la'asar rana ke faɗuwa.

Da aikinsa ya kusa ƙarewa ya ce zai koma gida da mata da miji, mai reno da direba. Washegari na je kasuwar gwanjo na sayo rigunan sanyi biyu, mai kayan yana ta dariya, "Ya Hajji, a zafin Jiddan nan?!"

Duk Juma'a kuwa nakan zayyana wa Hussaini garin. Ɗan yayar mahaifiyata ne, shi ya ba ni wurin kwana tun da na zo umra na maƙale.

"Hussaini ya je wurin Baturen," Zinariya ta faɗa a hankali. "Ya lissafa masa tsibiran ɗaya bayan ɗaya, har tafi ya yi masa. Sannan ya fito da iƙama, takardar zamansa, da fasfo... Kai me za ka fito da shi, Lado?"

"Ni na koya masa! Har sunan tafkin, ni na koya masa!"

"Na sani, habibi..."

"Bar kira na haka, don Allah."

"Ummi tana kwance, ƙannena huɗu babu mai takarda. Wa zai riƙe su?" Hawaye suka zubo mata. "Jiya bayan azahar aka ɗaura mana aure. Halas, an gama."

Na taka a hankali har ɗakinmu, na ciro rigunan daga ƙarƙashin katifa, na dawo na same ta inda na bar ta.

"Ga taki. Wannan kuma ki ba shi, kafaɗarmu ɗaya."

Ta rungume su ta fashe da kuka.

"Lado, ka zage ni mana! Ka ce wani abu!"

"Abu ɗaya nake roƙo. In kin isa, ki tsaya a wurin da ruwan nan biyu ke gamuwa, ki duba min ko haka yake."

Na juya na kama hanya. Rana na dukan kaina, ina tunanin inda zan mayar da kayana.