Awa Talatin da Biyar

"Awa talatin da biyar, Qiaoling! Jirgi uku! Sai ka ce wadda aka kora daga ƙasar?"

'Yata ba ta ɗago daga tsinkar wake ba. Wenbin, saurayin nata, yana tsaye bakin ƙofa da kwalin shayin da na ƙi karɓa.

Ni mai sayar da kifi ne a Fuqing, karatuna bai yi nisa ba, amma na je wajen masu sayar da tikiti sun rubuta mini a takarda. Daga Fuzhou zuwa Buenos Aires, inda iyayen Wenbin ke da kanti, ya haura kilomita dubu goma sha tara. A can za su zauna, kuma a can za a yi bikin, don mahaifiyarsa na da ciwon zuciya, likita ya hana ta hawa jirgi.

"Rana ta uku amarya takan dawo gidan ubanta ta ci abinci," na ce. "Uwarki ta yi, kakarki ta yi. Ke ta ina za ki ɓullo? Ta waya?"

"Kawu, mun lissafa," in ji Wenbin a hankali. "Biki ranar Asabar da rana. Ƙarfe shida na yamma mu tashi. Agogon nan ya riga na can da awa goma sha ɗaya, to Litinin ƙarfe huɗu muna Fuzhou. Rana ta uku ke nan."

"Ku bar baƙi a kan tebur?"

"Ƙannensa za su ji da su," Qiaoling ta ce. "A bayin filin jirgi zan cire kayan amarya."

"Ke da motar zuwa kasuwa ma take sa ki amai!"

"Zan sha magani, Baba..."

Na dube su. Kwana biyun farko na aurensu a kan kujera, ƙafa a kumbure, don kawai ta ci taliya a gidana. Tuni sun gama shawara, har da maganin amai.

Sai bakina ya saki abin da ke ci na tun farko. Ranar da uwarta ta faɗi, awa tara kawai ta yi. Ina bakin teku wajen sarin kifi, da kyar na same ta da rai.

"In ni ne na faɗi fa? Za ki iso?"

Wenbin ya buɗe baki, ta riƙe masa hannu.

"Wataƙila ba zan iso ba, Baba," ta ce, hawaye na zuba. "Ba zan yi maka ƙarya ba. In ka ce in zauna, zan zauna... amma ina sonsa."

Na san za ta zauna ɗin. Kuma na san kullum zan riƙa ganin wannan fuskar a gefen tebur.

Na daɗe ina juya takardar a hannuna.

"Kai, a garin naku ana samun hayar ɗaki mai murhu?"

"Ana samu, Kawu. Na waye?"

"Nawa. Ba amaryar da za ta cire kayanta a bayi. Ni zan je, in dafa taliyar a can, rana ta uku ta zo ta same ni."

"Baba! Kai da ko lif na hawa bene ba ka shiga?"

"Rufe mini baki. Kai kuma miƙo shayin nan, hannunka bai gaji ba?"

Ya miƙo da hannu biyu. Na karɓa.