Akwalar Munir a Bakin Kwalbati

"Kashe motar! Ka kashe ta na ce, ko in fasa kanka!"

Malam Khalilu ya murɗa mukulli. Rana tsaka ce. Ƙattai uku sun gitta jar mota a kan hanya, fuskokinsu a naɗe da rawani. Mai bindigar, Munir, shi ne ogansu. Ya leƙa kujerar baya, bai ga komai ba sai mace rungume da yarinya.

"Ina Alhajin riɗi? Ina jakar?"

"Ni malamin makaranta ne," in ji Khalilu. "Asibitin Bichi za mu. 'Yarmu ce ke jijjiga."

Matarsa Asama'u ta ɗago yarinyar. Tahira ko yaye ba a yi mata ba. Jikinta kamar garwashi, idanu sun kakkafe.

"Don Allah ku dubi wannan. Ku ɗauki komai, ku bar mu mu wuce."

Suka ɗauki komai ɗin kuwa. Wayoyi biyu, 'yan kunnenta, da kuɗin maganin da ta ƙulle a bakin zani. Maza uku da bindiga, abin da suka iya samowa ke nan.

Sabiru, direbansu, ya tsaya yana shafa murfin injin motar malamin.

"Oga, ka ji sautinta kafin ya kashe? Lafiya lau take wallahi. Mu yi canji."

"Da wannan gwangwanin? Dubi fenti duk ya koɗe! Ƙwaro, cire mukullin."

Na ukunsu, wanda suke kira Ƙwaro, ya zare mukullin ya wulwula shi cikin gonar gyaɗa. Asama'u ta bi shi da ido har ya faɗi.

"Mu ware!"

Ita jar motar, a makon nan suka saye ta a wajen wani dillali a Rijiyar Zaki. Shirin Munir babba ne: a tare mai sayen riɗi a hanyar Kunci, a miƙe babban titi har Kaduna, daga nan sai inda hali ya yi. Tafiya irin wannan, mai hankali inji yake fara dubawa. Munir fenti ya duba. Ya kalli fuskarsa a jikin ƙofa, ya gyara hula, ya ce a kawo takardu.

Sabiru ya zaro sandar baƙin mai ya nuna masa. Man ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa.

"Oga, ruwa na haɗuwa da mai. Lagireto ma yana yoyo. A kai wa bakanike."

"Bakanike ubanka ne? Liƙe da sabulu."

"Fanbel ɗin fa? Ga birkin hannu babu."

"Baaba, gudu za mu yi, ba tsayuwa ba. Me za ka yi da birki?"

Kuɗin gyaran da suka haɗa, sabon takalmi da ƙwaya Munir ya saya da shi. Sabiru ya gani, ya haɗiye.

A can bakin gona kuwa, Asama'u ba ta zauna kuka ba. Ta miƙa wa mijinta yarinyar.

"Malam, jiƙa ɗankwalin nan ka riƙa goga mata. Kada ka sa mata komai a baki."

Ta faɗa cikin gyaɗa tana kururuwa. "Jama'a! Ku taimaka! Jama'a!"

'Yan birni suna ganin sun bar kwalta sai su ce sun shigo daji. Wane daji? A ƙasar nan gona na jingine da gona, kuma lokacin cirar gyaɗa ne. Kafin ta rufe baki mutane sun ɓullo ta kowace kunya, maza da fartanya, mata da ƙwarya.

"A nan mukullin ya faɗi, tsakanin bishiyar gawo da waccan jibar gara!" in ji ta.

Suka jeru kafaɗa da kafaɗa irin na gayya, kowa ya kama kunya ɗaya, suna ɗaga ganye suna lalube. Wani mai waya ya kira ofishin 'yan sanda. Sajan Kamaruddeen ya saurara, ya tambayi launin motar da inda ta nufa, ya ɗebi yaransa suka fita.

Tahira ta sake sandarewa. Khalilu na ta salati. Asama'u na rarrafe a ƙasa, farcenta ya cika da laka.

"Ga shi!" Wata tsohuwa ta ɗaga hannu.

Murɗawa ɗaya, motar malam ta tashi. Tsohuwar mota ce, ta girmi jar motar nesa ba kusa ba. Amma duk wata sai ya canza mata baƙin mai ko da zai kwana da yunwa, kuma ba ya fita sai ya duba ruwa da taya.

Ita kuwa ja, ba ta yi nisa ba allurar zafi ta haye sama. Wani abu ya yi tas a gaba. Fanbel ya tsinke. Tururi ya rufe gilashi.

"Taka! Taka mana!"

"In taka me? Ta dafu, Oga!"

Ta yi tari, ta yi tari, ta mutu a hawan wata kwalbati, inda hanya ba ta wuce faɗin mota ɗaya ba. Hagu rami, dama rami. Gefe ga rijiya, ga gidaje.

Suka warware rawani, suka tura bindiga ƙarƙashin kujera. Munir ya fizge guga daga hannun wata mata.

"Oga, kar ka zuba! Bari ta huce!"

Ya sheƙa ruwan rijiya mai sanyi a kan inji mai zafi. Ƙara ta tashi kamar an jefa dunƙulen ƙarfe a wuta. Kan injin ya tsage.

Sabiru ya dafe kai. "Shi ke nan. Ka kashe ta."

Ga mutanen ƙauyen nan suna tahowa. A nan, mota ba ta mutuwa a ƙofar gidan mutum ya zauna yana kallo. Wani dattijo, Baba Ɗanliti, ya tattare rigarsa.

"Sannunku, samari. Baƙi ne ko? Kai, ku zo mu tura wa bayin Allah."

Munir ya washe baki. "Allah ya saka, Baba." Ya juya ya raɗa wa Ƙwaro, "Ka ga jakuna kyauta."

Sabiru ya shiga ya kama sitiyari. Suka tura, ya saki kuloci. Ta yi gurnani ta yi shiru. Suka sake. Shiru. Sun kai ta tsakiyar hawa, kowa na haki, sai aka ji hon daga baya.

Motar malam ce. Hanyar asibiti ɗaya ce, kuma akwalar ta toshe ta.

Khalilu ya ga jan fenti, ya taka birki. "Su ne."

"Na gani," in ji Asama'u. "Kada ka ce komai. A matsar da ita kawai mu wuce."

Ta leƙo ta taga. "Baba, don Allah ku kauce mana! Yarinya ce ba lafiya!"

Munir ya waiwaya. Gwangwanin da ya raina ɗazu, ga shi yana aiki sumul. Ya zura hannu ta ƙofar baya, ya jawo bindiga, ya rataya jakar kayan da suka ƙwata.

"Kowa ya kwanta!"

Masu turi suka watse. Babu abin da ke riƙe da akwalar a kan gangara yanzu sai ƙafar Sabiru a kan birki.

"Oga, jira mu!" in ji Sabiru.

"Ku tsare su tukuna. In juyo da ita in ɗauke ku."

"Da jakar a wuyanka?"

Munir ya bi ta bayan jar motar, ya saita bakin bindiga a kan Khalilu. "Fito! Ke ma fito da wannan abin!"

Asama'u ta ƙanƙame 'yarta. "Ba zan fita ba. Sai dai ka harbe mu."

Sabiru na kallon komai ta madubi. Ya ga sabon takalmin nan yana takawa, yana nisa da shi. Ya murɗe sitiyari hagu. Ya ɗaga ƙafa.

Akwalar ta gangaro da baya — gib! Ta kwashi Munir, ta haɗa shi da bangon kwalbati, ta kifa cikin rami. Bindiga ta tashi. Tau! Baba Ɗanliti ya dafe cinya ya zube.

Hanya ta buɗe.

"Malam, wuce!" Asama'u ta yi tsawa. "A'a, tsaya! Ku sako Baba a gaba! Maza!"

Aka cusa dattijon, jini na zuba. Khalilu ya ba ta wuta.

A hanya suka yi kiciɓis da motar Sajan Kamaruddeen. Khalilu bai tsaya ba, hannu kawai ya fitar ya nuna baya. Da Sajan ya isa, ya tarar Ƙwaro ya faɗa gonar dawa, an fito da shi a ɗaure da igiyar guga. Sabiru na cikin akwalar, ya kulle ƙofofi, jama'a sun kewaye da fartanya. Da ya hangi kaki, da kansa ya miƙo hannuwa ta taga.

"Yallaɓai, don girman Allah kama ni!"

Munir yana ƙarƙashi. Sai da aka haɗa ƙarfi aka ɗaga motar kafin a jawo shi, kuma waɗanda ya kira jakuna su suka ɗaga. Bai kai la'asar ba. Gawarsa ta daɗe a asibiti ba wanda ya zo nema.

Sabiru da Ƙwaro suna gidan yari. Baba Ɗanliti ya rasa ƙafar, gonarsa yanzu sai dai a noma masa. Tahira ta sha ƙarin jini da ruwa, ta farfaɗo. Amma likita ya gaya wa iyayen gaskiya: jijjigar ta daɗe da yawa kafin a iso. Yarinyar ta girma, tana gudu tana dariya, sai dai ko an kira sunanta ba ta waiwayowa.

Asama'u ta koyi yi mata magana da hannu. Ranar da aka karanta hukunci, wata maƙwabciya ta zo da labarin cewa uwar Sabiru na neman a yafe masa, tunda shi ya buɗe hanya.

Asama'u na yi wa Tahira kitso. Ba ta ɗago ba.

"Ta zo ta roƙi yarinyar da bakinta," in ji ta. "In ta ji, na yafe."