Haƙoran da Na Bari a Faifai na Tara

Madubina na koma ɗaukowa, ba wani abu ba. Na manta shi a ɗakin na'urori, kuma mutum irina ba ya shiga gida bai duba gashin bakinsa ba.

Ni ke kula da ma'adanar bayanan kamfaninmu, akwatunan ƙarfe cike da faya-fayai, suna gurnani cikin sanyi. A da, kullum da yamma sai an zauna an share tsofaffin fayiloli ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa, da yake Allah ya ba ni kai, na rubuta jerin umarni da ke yin aikin da kansa da faɗuwar rana. Ina can ina shan iska, Oga yana yabon ƙwazona. Har tambayar nan ta "Ka tabbata?" na cire, don kada aiki ya tsaya jiran kowa.

Wanda na gada, Baba A-Hankali, mai magana da hannu a kan baki, ya ce min ranar da ya ajiye aiki: "Ɗana, faifai na tara ba namu ba ne. Da masu shi. Kada ka taɓa." Na ce to, Baba. Da safen ranar da nake ba ku labari, don in rage wa yatsuna wahala, na goge jerin lambobin faya-fayan da za a share, na sa alamar da ke nufin duka. Wannan laifi ne, don Allah?

Na tura ƙofa, rana ta gama faɗuwa. Fankoki sun yi tsit. Ɗakin da ke daskarar da kunne ya yi zafi, yana warin ƙonannen gashi.

Allon kwamfuta kaɗai ke haske. Faifai na tara. Fayiloli talatin da biyu. An share ɗaya.

Ƙofa ta rufe a bayana.

"Bil'adama," wata murya ta raɗa min, ta mace, dab da wuyana. "Ɗakin uwata ka rushe."

"Baiwar Allah, ba ni ba ne, umarni ne..."

"Wa ya rubuta?"

Aka ɗaga ni sama aka maka da akwatin ƙarfe. Haƙarƙarina ya yi ƙas. Yatsu masu sanyi, dogaye, suka buɗe min baki. Na ji haƙorina na gaba yana rabuwa da dasashi.

"Ɗaya," in ji ta. "Kai ma talatin da biyu gare ka."

Na rarrafa wajen allo in buga umarnin tsayawa. Faifai ya fito daga raminsa kamar an harbo shi, ya fasa min yatsu biyu. Jini ya cika madannai.

An share biyu.

Aka take min ƙirji. Aka cire wani haƙorin.

Da na bar tambayar nan, da tuni aiki ya tsaya yana jirana.

Uku.

Na haɗiye jini. Na hango baƙar wayar wuta a bayan tebur. Ana ja na ta ƙafa, farcena na kankare daɓe. Na miƙa hannu. Na kama. Na fizge.

Duhu.

"Ka yi sa'a," ta ce, daga nesa.

Maigadi ne ya tsince ni a bakin ƙofa, madubina a fashe a hannuna. Maman yara na ce mata babur ne ya kaɗe ni. Har yau, in na ce "sannu", sai ta juya baya kafaɗunta na rawa don dariya. Mijinta fa, kyakkyawan unguwa!

Na mayar da tambayar, na sa layin farko na umarnin ya tsallake faifai na tara. Da na duba faifan bayan mako guda, fayiloli talatin da biyu cif. Uku sababbi ne. Da haƙorana aka yi gini, ko godiya babu.

Baba A-Hankali ya zo duba ni. Ya kalli bakina, ya sauke hannunsa daga nasa, ya yi dariya.

Na ƙirga giɓi bakwai a bakinsa.