Randar da Dogo Ya Huda

Bayan sallar la'asar, ranar Laraba, Ustaza Mawahib ta yafa mayafinta, ta ninke takardar da ta rubuta ƙorafinta a kai, ta ce wa yayarta Indo za ta je wajen Dogo ta dawo kafin magariba. Indo tana kwance a kan angarib, gadon igiya, a tsakar gida, ƙarƙashin lemun tsami, leɓunanta duk sun tsage. Ta roƙa a aje mata ruwa kusa. Kwano na biyar ke nan tun azahar.

Shekara talatin da huɗu Mawahib ta yi tana koyarwa a firamare a Umdurman, kuma ba ta taɓa barin kuskure ya kwana ba a gyara shi ba. Da suka dawo daga Gadarif bayan shekarun gudun yaƙi, sun tarar da lambun gidansu ya ƙone ƙurmus, lemun tsamin nan kaɗai ya jure. Ta zage ta raya shi. Ta sa aka kawo ƙasar bakin kogi, ta dasa na'ana'a da yasmin, ta jera tayoyi masu fenti a gefen hanya. Dogo, tsohon ɗalibinta mai mashtal a bakin Nilu, inda yake renon shuke-shuke yana sayar da kayan ƙawata lambu, shi ya kawo mata abin adon tsakiya. Tsohuwar randa ce ƙatuwa. Ya shafe ta da shuɗin fenti, ya huda gindinta da ƙusa, ya cika ta da ƙasa, ya dasa jahannamiyya mai jan fure. Har moɗar gwangwani da ke ɗaure da sarƙa a wuyanta ya bari, wai ta fi kyau haka.

Kwana tara ke nan da kawo randar. Furen ya bushe tun rana ta biyu. Gangar ruwa ta soma raguwa yatsa huɗu kullum tsakanin magariba da isha. Mawahib ta ja layi da alli, ta auna da tsohuwar rularta, ba ta yarda da kintace. Sannan Indo ta kamu da ƙishirwar da ba ta jin ruwa. Likita ya auna sukari, ya auna jini, bai ga komai ba. Matar da ke tashi ta share gidan nan tun asuba ta koma ko zama ba ta iyawa, fatarta ta yamutse kamar busasshen dabino. Mawahib ta yanke cewa fentin Dogo ko ƙasarsa na da guba, kuma yau sai ya amsa.

Zafin watan Yuni ya danne gari, ko ganye ba ya motsi. Mai raksha, keken haya mai ƙafa uku, da ya ɗauke ta ya nuna kudu maso gabas da haɓa, inda gindin sama ya yi ja kamar tsatsa, ya ce habub ne, guguwar ƙura, kuma da ruwa a bayansa in Allah ya yarda.

Mashtal ɗin yana warin taki da jiƙaƙƙiyar laka. Dogo yana tsaye tsakanin barewarsa ta siminti da tantabarun yumɓu, yana ɗaure inuwar raga don kada iska ta kwashe. Mahaifiyarsa, Nana A'isha, tana zaune a kan tabarma tana ɓare irin kuɓewa. Mawahib ta gaishe ta yadda ya kamata, sannan ta buɗe takardarta ta karanta wa Dogo, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda take karanta sakamakon jarrabawa. Shi kuwa ya rantse fentin na shago ne, ƙasar kuma irin wadda yake ba kowa ce.

"Randar fa? A ina ka samo ta?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce ai tsohuwar randa ce kawai.

"Dogo, tun kana aji uku in za ka yi ƙarya kake sosa nan. A ina?"

Sai ya faɗa. Ƙarƙashin wata darbejiya ce a hanyar maƙabarta, a unguwar da mutane suka watse. Randuna uku ne a jere kan karagar ƙarfe, a bushe, mai cika su ya rasu ko ya gudu. Ya ga ba mai su, ya ɗora a amalanke.

Ba mai su! Ko yaron goye a Umdurman ya san randar da ke bakin hanya da moɗa a wuya ta sabil ce, ruwan sadaka ne ga duk mai wucewa. Ba a buƙatar makaranta kafin a san wannan. Mawahib ta buɗe baki za ta gaya masa haka, sai ta ga hannun Nana A'isha ya tsaya cak a cikin faifai.

"Ka huda ta?" tsohuwar ta tambayi ɗanta, muryarta ƙasa-ƙasa.

Ya sunkuyar da kai.

Nana A'isha ta yafito Mawahib, ta yi mata magana kusa da kunne. Ta ce randar sabil da rana ta mutane ce, daga magariba kuma akwai masu zuwa. Suna bin randarsu duk inda aka kai ta. Abin da suka ɗiba da kansu, a ganga ko a kwano, ba ya kashe musu ƙishirwa, sai wanda aka zuba musu a randarsu da niyya. In suka rasa, sai su nemi danshi mafi kusa.

"Wa ke kwana kusa da ita, 'yar nan?"

Mawahib ta ce ita ba tatsuniya ta zo saurara ba, Dogo ya tashi yanzu ya je ya kwashe kayansa daga gidanta. Dogo ya dubi sama, ya dubi uwarsa, ya ce Ustaza ta yi masa rai, gobe da hantsi. Ko da bulala ba zai taɓa randar nan da almuru ba.

Ta ninke takardarta ta fita. Amma ƙafarta ta fi zuciyarta sauri.

Masu raksha duk sun fake. Ta taka. Jan bangon ƙurar nan ya taso ya haɗiye rana, ya haɗiye hasumiyar masallaci, ya haɗiye ƙarshen layinsu. Iska ta fara da ɗumi kamar numfashin tanda. Leda da ƙaiƙayi suka tashi sama. Wutar lantarki ta ɗauke. Kiran sallar magariba ya zo mata a gutsuttsure, kalma ta zo, kalma ta ɓace.

Ta tura ƙofar gida da kafaɗa, yashi yana mata ƙaras-ƙaras a haƙori.

Tsakar gidan ja ne, ba duhu ba, ba haske ba. Iska tana gurnani a saman katanga, amma a cikin lambun ganyen lemun tsami ko kaɗawa ba ya yi. Wari ya bugi hancinta, irin na tsohuwar rijiya da ta ƙafe.

Sai ta ji.

Ƙwal. Ƙwal. Gwangwani yana bugun yumɓu. Sarƙa tana ja.

Ta share ido da bakin mayafi.

Suna tsaye a layi, daga bakin randa har jikin katanga. Dogaye da gajeru, launinsu launin ƙura, inda fuska ya kamata ta kasance kuma sai wani lotsawa. Ƙafafunsu ba su danne na'ana'ar da suke kai ba. Ta ƙirga su ba tare da ta yi niyya ba, halin aji. Goma sha ɗaya.

Na gaba ya zura moɗa, ya ɗago. Ƙasa ta zubo. Ya saki moɗar, ya juya a hankali, ya nufi angarib.

Akwai biyu a can tuni, sun sunkuya a kan Indo. Bakinta a buɗe. Wani siririn tururi yana fita daga cikinsa, irin na shayin da ya kusa hucewa, yana shiga cikinsu.

"Yaya," Mawahib ta kira. Muryar ba ta wuce leɓenta ba.

Indo ta juyo da ido kawai. Idon ba ƙwalla, ba sheƙi.

"Ruwa," ta ce.

Mawahib ta ratsa ta gefen layin. Sanyi ya tsaga mata kafaɗa. Ta damƙi busasshiyar jahannamiyya da hannu biyu, ƙaya ta shige tafinta, ta fizge. Ta kwantar da randar, ta yi ta yaƙuto ƙasa da hannu, da moɗa, da farce. Ta lalubo hudar gindin. Ta yage bakin mayafinta da haƙori, ta murɗa, ta cusa, ta tayar da randar.

Famfo bai kawo ruwa ba kwana biyu. Ruwan gangar yana ƙasa da layin alli na ƙarshe. Bokiti ɗaya. Na biyu. Na uku rabi ne, da laka.

Ta ja baya taku ɗaya.

"Bismillahi," ta ce a hankali. "Sabil ne. Ku sha."

Biyun da ke kan Indo suka ɗago. Suka dawo. Suka shiga layi a baya, na ukun yana bin su.

Ƙwal. Sannan ƙarar haɗiya, doguwa, kamar ruwa na shiga rami. Na farko ya aje moɗa, ya taka zuwa katanga, ya shige ta kamar hayaƙi.

Na biyu. Na uku.

Ta ji ɗiga a ƙafarta. Tsumman yana yoyo. Ta durƙusa ta danne shi da babban yatsa, kanta daidai gwiwoyinsu, tana ƙirgawa.

Takwas. Tara.

Moɗa ta soma kartar gindi.

Goma sha biyu.

Saura ɗaya. Ya fi su tsawo duka, kansa yana cikin rassan lemun tsami. Ya zura moɗa. Ya karta. Ya sake kartawa.

Ya miƙo mata ita, a bushe.

"Ya ƙare," ta raɗa. "Wallahi ya ƙare."

Ya juya wajen angarib.

Ta sha gabansa. Ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta ɗaga hannun dama, kamar yadda take tsayar da yaro a bakin ƙofar aji.

Ya kama wuyan hannun.

Ba zafi. Ja ne kawai. Yawun bakinta ya tafi. Harshenta ya manne a ganɗa. Idonta ya bushe har ƙiftawa ta gagara. Ta nemi Ayatul Kursiyyu, tana nan a zuciyarta, amma ba danshin da zai fito da ita. Ta ji fatar hannunta tana tsagewa, tsat, tsat.

Ta durƙushe.

Tas.

Ɗigo ɗaya a cikin moɗa.

Tas. Tas-tas.

Ƙamshin ƙasar da ruwan fari ya taɓa ya cika gidan. Sama ta tsage. Indararon rufi, wanda ke bisa kafaɗarta, ya yi tari sau biyu ya feso jan ruwa.

Hannun bai sake ta ba. Ruwa na zuba a kansa, yana ratsa shi yana wucewa. Wanda aka zuba musu a randarsu, in ji tsohuwar.

Ta miƙa hannun hagu ta janyo bokiti. Ta tara. Ta ja shi a ƙasa, ta ɗaga da gwiwa, ta juye a randa. Ta karɓi moɗar daga yatsunsa, ta ɗebo, ta miƙa masa.

Leɓenta ya motsa. Sha.

Ya tsaya.

Ya sake ta. Ya karɓa.

Ba ta ga tafiyarsa ba. Ta farka a cikin taɓo, ruwa na dukan fuskarta, Indo tana jan rigarta tana cewa ta tashi su shiga ɗaki, wace irin mace ce mai ilimi za ta kwanta a ruwa.

Indo ta warke cikin mako guda. Hannun daman Mawahib bai koma daidai ba. Daga wuyan hannu zuwa yatsu a bushe yake, a tsattsage kamar gindin tafki a bazara, ba ya gumi, man shafawa ba ya zama a kansa. Da hagu take rubutu yanzu.

Washegari da hantsi ta tsaya a kan Dogo har ya liƙe hudar da siminti, ya kankare fentinsa, ya mayar da randar ƙarƙashin darbejiyarta. Ita ke cika ta kullum bayan la'asar, kuma ba ta bari magariba ta same ta a wajen. Da safe takan auna. Yatsa huɗu.

Amma randuna uku Dogo ya ɗauko. Sauran biyun ya sayar wa wani mai mota daga unguwar Alsahafa ta Khartoum, bai tambayi sunansa ba, kuma su ma ya huda su. Sau shida Ustaza Mawahib tana tsallaka gada zuwa Khartoum, tana bin layi-layi da takarda a hannun hagu, tana leƙa lambunan mutane ta saman katanga. Ta gaya wa Dogo a gaban uwarsa cewa ba ta yafe ba sai ya nemo su.

Duk wanda ke da shuɗiyar randa a lambunsa, da moɗa a wuyanta, ya duba wanda ke kwana kusa da ita.