Ramin Allura a Gindin Ƙararrawa

"Ni nake kai ta makaranta a bayan keke, yau ita ta sa a kulle ni."

Ta bayan ƙofa Sufeto ta ji Kawu yana gaya wa saje haka. Ba ta shiga ba. Maganar ta bi ta har gidan adana kayan tarihi.

Daga can aka kawo ƙara. Wata tsohuwar ƙararrawar tagulla da aka haƙo daga ƙasa ta ɓace, an bar jabu a gurbinta. Kawu, ƙanen mahaifiyarta, shi ne maƙerin da ke zuba wa gidan kwafin kaya don 'yan makaranta su samu na taɓawa. Mai kula da ma'aji ya ce shi yake zargi.

A ɗakin gwaji ta tarar da Dakta, matar da ta gano jabun.

"Yaya aka yi kika gane?"

"Sabuwar na'ura aka kawo, nake sake gwada komai. Hasken leza take harbawa, ya ƙona ɗan ƙarfen da bai kai ƙwayar yashi ba, ta karanta abin da ke ciki. Sai ga alminiyam. Mutanen wancan zamanin ba su san shi ba. Wannan kam tsofaffin kawunan famfo aka narka."

"Aikin maƙerin ne kenan."

"Nasa ne. Amma zo ki leƙa."

Sufeto ta sa ido a madubin ƙara girma. A gindin ƙararrawar akwai wani ɗan rami.

"Bara da na gwada ta ainihin da tsohuwar na'ura, haske ya bar rami daidai nan," in ji Dakta. "Ramin leza sumul yake, bakinsa a narke. Wannan da allura aka ƙwaƙule shi."

"Maƙeri zai iya ganin na ainihin?"

"Da ido kawai? Ko ni sai na lalubo."

"Wa ya san wurin?"

"Ni, da wanda ya riƙe mini ita ranar."

Aka kira mai ma'aji. Ya zauna yana kaɗa makullai.

"Malam, ka taɓa shiga ɗakin nan?"

"Ni? Ko leƙe. Hasken nan ciwon kai yake sa ni."

Dakta ta yi dariya. "Haba Malam. Har tabarau na ara maka, ka tsaya kana duba kanka a gilashin taga."

Makullan suka yi shiru.

Sufeto ta tura masa ƙararrawar. "Maƙeri bai san da ramin ba. Kai ka sani. Me ya sa ka yi shi?"

Ya ajiye makullan a kan tebur.

"Na zaci in Dakta ta gan shi za ta ce ta riga ta gwada, ta wuce." Ya share gumi. "Kwafin a akwatin 'yan makaranta na ɗauka, na tsufar da shi. Ta ainihin tana but ɗin motata. Mai saye bai iso ba tukuna."

A can aka same ta, naɗe cikin tawul, ko ƙwarzane babu. Saje ya sa masa ankwa, ya tasa shi gaba.

Da aka koma caji ofis, Sufeto da kanta ta buɗe wa Kawu. Yana zaune a benci, hularsa a gwiwa.

"An gama da ni, ranki ya daɗe?"

"An gama. An kama mai ma'aji."

"To, madalla. Aikina dai ya ruɗi masu digiri, ki rubuta wannan ma."

Bai tashi ba. Sai ya matsa gefe, ya kakkaɓe mata wuri da hular, yadda yake yi wa kujerar keke.

Ta cire hularta ta zauna. Muryarta ta koma ta yarinya.

"Kawu, har yanzu kana fushi da ni?"